Zagayen Babaye

Shekara talatin da ɗaya ina rabon wasiƙa a Tawa.
Daga Bilbis har Wadata babu ƙofar da ban ƙwanƙwasa ba.
Na san wanda ɗansa ke Abijan yana aiko manda,
na san wadda ake karanta wa takarda ƙasa-ƙasa
don kada maƙwabta su ji ba kuɗi a ciki.

Yau ga ni tsakar gida da buta a hannu,
ban sani ba, na yi alwalar ko yanzu zan soma.
Na shafa gemu. Da danshi.
To, na yi ke nan.

Ran Talata makullin ɗaki ya kwana cikin gwangwanin sukari.
Kashegari jikata ta kawo mini fura,
na buɗe baki in sa mata albarka,
sunan ya maƙale kamar ƙayar kifi.
Na ce, "Ke, ɗiyar nan."
Ta yi dariya, ta shige madafa.
Daga nan inda nake na ji inda dariyar ta yanke.

Likitar yarinya ce, sa'ar autata.
Ta ba ni ajiyar kalma uku: lemu, kujera, da wani abu.
Ta ja ni da hira, can ta ce in kawo ajiya.
Biyu na kawo.
Na zaci ƙwaya za ta rubuta,
sai ta dubi takalmana.
"Baba Tankari, ban ce abin da ya tafi zai dawo ba.
Amma in jini ya zaga, kai ma yana samun rabonsa.
Rabin awa kullum, har ka ji zufa,
kuma kada ka tafi kai kaɗai."

Ni da na cinye tayar keke ta fi ashirin,
ni za a rubuta wa tafiya!

Bayan asuba muke fita, ni da Nomau,
tsohon direban motar albasa.
Shi gwiwa ta ci amanarsa, ni kuwa kai,
in an haɗa mu, mutum guda ne lafiyayye.
Mu gangara bakin Babaye,
masu lambu na jan ruwa, kwaɗi ba su gama gardama ba,
mu hau ta bayan filin kokowa muna haki kamar zugazugi.
Nomau ba ya barin bakina ya huta:
"Wannan gidan wa? Wancan fa? Me ka ci jiya da dare?"
Wata rana in amsa.
Wata rana in ce masa ɗan sanda ya kamata ya zama.

Sati na biyar, ƙafata ta karkata da kanta
wajen wata ƙofa shuɗiya mai tsatsa a gindi.
Bakina ya riga ni:
"Arzika mai gyaran rediyo. Wasiƙarsa daga Libiya take zuwa."
Nomau ya cire hula ya sosa ƙeya.
"Shi ne. Bara waccan muka kai shi, kana sahun gaba."
Muka tsaya muka yi masa addu'a.
Na yi kukansa sabo fil, a bakin titi,
masu kabu-kabu na wucewa.

Ba zan yi ƙarya ba,
jiya ma na birkice ɗaki neman tabarau, yana bisa hancina.
Kalma ta uku har yau ba ta dawo ba.
Sai dai barci ya daina yi mini rowa,
tuwo ya koma tuwo a bakina.

Ɗazu na shigo, riga jiƙe,
yarinyar na shara, ta ba ni baya.
Na ce, "Sannu da aiki, Tsahara."
Tsintsiyar ta tsaya.
Ba ta juyo ba. Ta ce, "Yauwa, Baba,"
ta share wuri guda har sau uku.

Gobe ban san me kai zai zubar a hanya ba.
Shi ya sa nake kwantar da takalman a bakin ƙofa, gicciye,
in na manta dalili,
in yi tuntuɓe da su.